Ruwan Tsamin Innata

Ni mai koko ce, uwata ma mai koko ce. Idan ka taɓa tsayawa a bakin titin Moshi Zango a Kumasi da sassafe kana jiran trotro, wato motar haya, ka ga wata tsohuwa a bayan tebur da ƙatuwar tukunya an naɗe ta da buhu don kada ta huce, tana duban mutane kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa, to ni ce. Fuskar haka Allah ya yi ta, ba fushi ba ne. Kokon kuwa babu wanda ya taɓa kuka da shi, sai a shekarar nan da zan ba ku labarinta.

Amma kafin mu kai ga shekarar, sai kun san ruwan tsami.

Kowa yana iya zuwa kasuwar Kejetia ya auno gero, ya jiƙa, ya kai nikanika, wato injin niƙa, da citta da barkono da kanumfari da masoro, ya dawo ya tace. Wannan ko direba zai iya in matarsa ta yi tafiya. Abin da ke raba koko da koko shi ne ruwan tsami. Idan ƙullu ya kwana ya kwanta, ruwan da ya taso a sama shi ne ruwan tsami. Da shi ake dama koko, amma ba a ƙarar da shi. Kullum sai a rage kaɗan a zuba cikin sabon ƙullu. Na jiya ya tayar da na yau, na yau ya tayar da na gobe. Haka yake tafiya, daga hannu zuwa hannu, har ya girmi mai dama shi.

Nawa na Inna ne. Da aka kawo ta Kumasi daga arewa, a bayan babbar mota ta zo, cikin buhunan albasa. Akwatinta an ɗaure a sama, ita kuwa abin da ta riƙe a cinya wata 'yar tukunyar ƙasa ce da aka rufe bakinta da tsumma. Duk garin da aka tsaya, wasu na neman abinci, ita tana neman ƙullu ta ciyar da tukunya. Baƙa ce tukunyar, bakinta ya ɓantare ta gefe guda. A gidanmu ba ma ce mata tukunya, Tsohuwa muke ce mata. "An ba Tsohuwa abinci?" "Rufe Tsohuwa, ƙuda na damunta." Da Inna ta rasu, 'yan'uwana suka ɗauki zannuwa da kwanuka, ni na ɗauki Tsohuwa na kai ta lungun ɗakina. Maigidana, wanda ya yi shekaru yana faci a bakin tasha kafin gwiwa ta zaunar da shi, yakan ce tsofaffi biyu gare shi a gida, amma ya fi shiri da ta lungu don ba ta mayar da magana.

Ruwan tsami yana da ka'idarsa, haka Inna ta koya min. Ba a sayar da shi. Ba a hana wanda ya zo nema. Kuma ba a godiya. In an yi godiya, in ji Inna, sai tsamin ya ji kunya ya mutu. Mai nema za ta zo da 'yar robarta ko gwangwani, ta ajiye kusa da ƙafarki, ta zauna ta yi miki hirar ruwan sama ko tsadar tumatir. Ke kuma ki tashi kamar ba ki gani ba, ki cika mata. Ta ɗauka, ta ce sai an jima, ta tafi. Shi ke nan. Ban san ko mata nawa na cika wa ba a rayuwata, don abin da ba a yi maka godiyarsa ba ba ya zama a kai.

To, shekarar ta zo.

Damina ce. Na tafi Kejetia auno gero, bayan azahar sai sama ta yi baƙi. Mu mutanen Kumasi ruwa ba baƙonmu ba ne, amma na ranar dabam yake. Ya zuba, ya zuba, ya ƙara zubawa. Trotro ta tsaya a hanya, muka sauka muka taka da ƙafa, zani a ɗage. Gidanmu yana gangare, babbar gota, magudanar ruwan unguwa, tana bayansa. Da na iso bakin layinmu babu layi, sai kogi mai launin shayi, yana tafe da bokitai da takalma da kujerun roba, kowa da kayansa suna wucewa kamar masu zuwa biki.

Na hango maigida a kan katanga. Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ko tabarma in zai zauna sai ya yi nishi uku, ga shi a kan katanga, ya rungume rediyonsa a ƙirji.

Na ɗaga murya na ce, "Maigida, kana lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Mai koko." Haka yake kirana tun muna yara.

"Ina Tsohuwa?"

Ya ƙara rungume rediyon. Sannan ya ce, "Na ga fitarta."

"Fitarta?"

"Ta ƙofa ta bi, tana juyi. Ko sallama ba ta yi min ba."

"Ka ceci rediyo ka bar Tsohuwa?"

"Hannu biyu gare ni, Mai koko. Ɗaya rediyo, ɗaya katanga. Da wanne kike so in kama ta?"

Yanzu ina faɗa kuna dariya. A lokacin babu mai dariya. Ruwa ya janye ya bar mana laka har gwiwa. Katifa ta tafi, geron da na ajiye ya ruɓe, zannuwan da na tara don jikokina suka koma tsumma. Akwai maƙwabtan da bangonsu ya faɗi. Akwai wadda ta zauna a bakin ƙofa tana wanke hoton mijinta da ya rasu, tana wankewa fuskar tana gogewa. Rai dai bai salwanta a layinmu ba, alhamdu lillahi. Maƙwabciyata Ba'asantiya, wadda ɗakinta ke kan tudu, ita ta buɗe mana ƙofa muka zauna wurinta har ɗakinmu ya bushe. Maame nake ce mata, ita kuma tana ce min Kokowura, wato mai koko da bakinsu. Ita coci take zuwa, ni masallaci, amma murhu ɗaya muka yi ta amfani da shi a kwanakin nan, ba wadda ta taɓa ƙonewa.

Na ɗauki sanda na bi gota. Na bi ta har inda ta haɗu da wata gotar, na bi waccan ma. Na tono takalmi ƙafa ɗaya, na tono murfin tukunyar wani, na tono 'yar tsana ba kai. Tsohuwa ban gan ta ba, ko ɓallinta.

A makarantar mata da muke zuwa ranar Asabar, malamarmu ta ga yadda muka koma, sai ta ajiye darasin ranar ta yi mana maganar musiba. Yarinya ce a kaina, amma in tana magana sai ka ji zuciya ta zauna. Ta ce Allah bai taɓa karɓar abu a hannun bawansa don ya bar hannun haka nan ba. Ta ce ya yi alkawari, wahala ba ta zuwa ita kaɗai, da sauƙi take tafe, ko da mutum bai hango shi ba tukuna. Ta ce wanda abu ya same shi ya yi innalillahi, ya roƙi Allah ya ba shi lada, ya mayar masa da abin da ya fi wanda ya rasa alheri.

Na ɗaga hannu.

Ta ce, "Na'am, Mma?"

Na ce, "Malama, alkawarin na yarda da shi. Amma ni ba na son wanda ya fi. Waccan ɗin nake so."

Mata suka fashe da dariya, har da wadda bangonta ya faɗi. Ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Malama ta danne tata dariyar ta ce, "Mma, wannan ba Kejetia ba ce da za ki ce a canza miki kaya. Ki roƙa yadda aka koya mana."

Na ce to. Amma in na idar da salla na ɗaga hannu, sai in ce, "Ya Allah, ka mayar min," in kama bakina a nan. Ragowar ba na faɗa. Na ce a raina, Allah ya san abin da nake nufi, kada in ƙarasa a kawo min wani abu dabam.

Ba a jima ba kuwa sai ga Maame ta dawo daga kasuwa da sabon bokitin roba, shuɗi, mai murfi. Ta dire shi a gabana ta ce, "Kokowura, tashi ki koma aiki. Nyame beye." Wato Allah zai yi.

Maigida ya zagaya bokitin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Ga wanda ya fi ɗin ya iso. Har da murfi."

Na harare shi. Amma ciki ba ya jiran makoki, dole na jiƙa gero na tayar da sabon tsami daga babu. Na farko ya fito salam, kamar ruwan wankin shinkafa. Na bar shi ya ƙara kwana, sai ya fito da tsami mai faɗa, irin wanda ke kama haƙori ya murɗe fuska. Na rage, na ƙara, na sauya gero, na sauya mai niƙa. Koko dai koko ne, ana sha a ƙoshi. Amma ba nawa ba ne.

Direbobin trotro su ne manyan masu sayena, kuma ba su iya ɓoye magana ba. Akwai wani dogo da ya fara shan kokona tun yana yaron mota, yanzu har ya yi furfura. Bai taɓa yarda a sa masa siga, wato sukari, ba, yakan ce kokon Mma ba ya son ado. Ran nan ya kurɓa, ya tsaya, ya kalli sama, ya ce, "Mma, ko akwai siga?"

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Wani kuma ya ce, "Mma, kokon nan bai warke ba ne tun ambaliya?"

Na ce, "Ubanka ne bai warke ba." Suka yi dariya, suka biya, suka tafi. Washegari wasu ba su dawo ba. Tukunyar da ke ƙarewa kafin rana ta ɗaga sai ta koma ina rabar da sauranta ga yaran layi, su ma suna sha suna kallon juna.

Na zauna na tuno matan da na taɓa cika wa gwangwani, waɗanda na iya tunawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta rasu, 'ya'yanta ba mai dama koko. Ta biyu ta koma sayar da wake da shinkafa. Ta uku ta je gida arewa ta daɗe, ta dawo ta tarar tsamin ya mutu. Ta huɗu ta gauraya shi da ƙullun masara, na shinshina na ce mata Allah ya ba da sa'a. Na dawo gida ƙafa ta kumbura, hannu babu komai.

Akwai wani mai shayi da ƙwai da ya daɗe yana sha'awar wurin teburina, don a nan motoci ke tsayawa. Ya zo da ladabi ya durƙusa ya ce in na gaji da sana'a in tuna da shi. Na dube shi, na dubi tukunyata da ko rabi ba ta yi ba, na ce, "In watan azumi ya tsaya kokona bai dawo ba, ka zo ka ɗauki wurin." Azumi shi ne lokacin mai koko. Ba zan iya miƙa wa mai azumi wannan abin ya buɗe baki da shi ba, a ce na 'yar Inna ne.

Daga nan kullum na idar da salla sai in ce, "Ya Allah, ka mayar min," in yi shiru, in ƙara da cewa, "azumi dai ya kusa." Ba wai ina tuna masa ba ne. Faɗa dai nake yi.

Ana cikin haka sai na lura da maigida. Mutumin da in ya dawo sallar asuba sai ya shanye kwano biyu kafin ya ce min ina kwana, yanzu sai rana ta fito yake dawowa. In na miƙa masa koko sai ya ce, "Ajiye, yau azumin nafila nake." Litinin azumi, Alhamis azumi, na ce ma sha Allah. Sai Talata ma azumi, Laraba azumi. Na ce tsohon nan ko dai an yi masa wahayin mutuwa ne. Amma mai azumin nan ba ya ramewa. Kuma ran nan da ya matso zai ɗauki buta, na ji ƙanshin kanumfari a gemunsa, na ga ɗigon man ƙosai a gaban rigarsa.

Na kai wa Maame magana. Ta tafa hannu ta ce, "Ei, Kokowura! Ni ma na so in faɗa miki. Na gan shi yana gangarawa unguwar Buokrom da safe, da kwano a ƙarƙashin riga. Gudu yake kamar saurayi."

"Da gwiwar?"

"Gwiwar ta warke."

Washegari ban ɗora tukunya ba. Na yafa mayafi na tsaya bayan kiyos ɗin mai gyaran waya har aka fito masallaci. Ga shi nan ya fito, ya duba dama, ya duba hagu, ya gyara abin da ke cikin riga, ya kama hanya. Na bi shi. Wallahi sai da na yi haki. Muka gangara, muka tsallake gada, muka hau Buokrom. A gindin wata bishiyar mangwaro na ga layin mutane, 'yan makaranta da ma'aikata da masu tura baro, kowa da kwano ko leda. A gaban layin wata mace ce kakkaura, ta ɗaura ɗankwali har goshi, tana zuba koko da ludayi ba ta ko ɗaga kai. Na tsaya nesa har maigida ya karɓi nasa ya zauna a benci. Kwanon da ya fito da shi kuwa nawa ne, farin kwanon sha mai bakin shuɗi, cikin kayan aurena, ɗaya daga cikin 'yan abin da ruwa ya bar min.

Na bari sai da ya hura, ya kai baki, sannan na tsaya a kansa na ce, "Maigida, an sha ruwa lafiya?"

Ya ƙware. Wani ɗan makaranta ya bubbuga masa baya. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Mai koko, zauna."

"Ba zan zauna ba. Mai azumi! Da kwanona!"

"Zauna ki kurɓa sau ɗaya. In kin kurɓa, ki kashe ni, na yafe."

Mutane sun fara juyowa. Ni ba na son taro a kaina. Kuma na ce a raina, wadda ta ƙwace min mai shan koko na shekara da shekaru, gara in san abin da take zubawa. Na zauna, na karɓi kwanon, na yi bisimilla.

Citta ce ta fara zuwa, kamar kowane koko. Barkono ya biyo ta. Na haɗiye. Sai can, bayan an gama, daga ƙarshen harshe, wani tsami mai sanyin hali ya taso, ya tsaya kaɗan, ya gaishe ni, ya wuce. Na san shi. Shi ne wanda nake ji ina ƙarama, in Inna ta ɗiba da ludayi ta hura ta ce in ɗanɗana mata. Na sake kurɓa don kada in yi wa kaina ƙarya. Ya sake zuwa. Ban san hawaye na zuba ba sai da na ga suna ɗiga cikin kwano.

Maigida ya ce a hankali, "Kin ji, ko? Wurin suna na fara shansa a unguwar nan. Na ce wannan kamar na gidana."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"Bincike nake yi."

"Tun yaushe kake binciken?"

"Ai sai na tabbatar. In na zo miki da magana ba tabbas, ke da kanki kin san abin da za ki yi min."

Muna cikin haka sai mai kokon ta ɗago kai. Ta dube ni, ta sake dubana, sai ta saki ludayi cikin tukunya ta zagayo da gudu ta durƙusa a gabana. "Mma! Mma, kai ne?" Hausarta irin ta waɗanda suka koya a kasuwa ce, kowa kai ne a wurinta.

Na ce, "Ni ce. Ke wace ce?"

"Mma, ba ka gane ni ba? Ni ne nake ɗauka maka gero a Kejetia. Da jariri a baya."

Sai ta ba ni labarin da na manta. A lokacin ita 'yar kaya ce, cikin 'yan matan nan da ke zuwa daga arewa suna ɗaukar kayan mutane a ka cikin babban kwano. Takan ɗauko min gero har mota, wani lokaci har gida, in ba ta koko ta sha ta ba jaririn. Wuyanta ya fara ciwo, kaya ya gagare ta. Ta ce ta daɗe tana kallon yadda nake yi. Wata rana ta zo da gwangwanin madara, ta ajiye kusa da ƙafata, ta zauna tana min hirar ruwan sama. Na tashi na cika mata.

Na ce, "Kuma ba ki yi godiya ba."

"Kai ka ce kada in yi, Mma."

"Shi ya sa ban tuna ki ba."

Ta nuna min wata budurwa mai suya ƙosai a gefe ta ce jaririn ke nan. Ta tambaye ni gida, na faɗa mata abin da ruwa ya yi. Da na kai wurin Tsohuwa sai ta dafe kai da hannu biyu. Ba ta ji ba, ba wanda ya gaya mata. Tsohon da ke zuwa kullum yana neman ƙari ma ba ta san mijina ba ne.

Ta san abin da ya rage, ni ma na sani. Amma ni tunda nake ban taɓa ajiye gwangwani a ƙafar kowa ba. Ni ake ajiye wa. Na duba hannuna, babu komai sai kwanon aurena da sauran koko a ciki. Na miƙa wa maigida na ce, "Shanye, mai azumi." Ya shanye. Na ɗauraye kwanon da ruwan butarta, na sunkuya, na ajiye shi kusa da ƙafarta. Na gyara mayafi na ce, "Bana tumatir ya yi tsada."

Ta ce, "Wallahi, Mma, ya yi tsada."

Ta ɗauki kwanon ta shiga gidanta da ke bayan bishiyar, na bi ta da ido ta ƙofa. Ina jiran in ga tukunyar ƙasa a lungu. Sai na ga ta buɗe wani koren bokitin roba, irin na wanka. Tsamin Inna, wanda ya taho daga arewa a kan cinya, a bokitin wanka yake zaune, kuma lafiyarsa ƙalau.

Ta kawo ta miƙa min da hannu biyu. Ta ce, "Mma, ko nawa ya zube akwai shi. Na ba ƙanwar mijina a Aboabo. Na ba wata a Tafo. Wata ta tafi da shi Techiman, ita ma ta ba wasu. Akwai wanda ya koma da shi arewa ma."

Na riƙe kwanon. Godiya ta taso min tun daga ciki, ta zo wuya, ta zo baki. Na buɗe baki, sai ta ɗaga hannu da sauri ta ce, "Mma, kada ka!"

Na rufe. Na ce, "Sai an jima."

Ba mu hau mota ba, kada ya zube. Da ƙafa muka koma, ni riƙe da kwano, maigida na gefe ya cire hularsa yana kare shi daga rana da ƙuda, yana ce wa masu babur su kauce, da babbar baƙuwa muke tafe. Gwiwar kuwa ta dawo, tun daga gada ya fara ɗingishi. Duk tsawon hanyar nan godiyar tana maƙale a wuyana, ba ta fita ba, ba ta koma ba. Da muka isa na juye shi cikin shuɗin bokitin Maame, na ba shi sabon ƙullu, na rufe. Na yi alwala na shimfiɗa tabarma. A nan na sauke ta, duka, inda ba tsamin da zai ji kunya. Sannan na ɗaga hannu na ce, "Ya Allah, ka mayar min," na ƙarasa ragowar har ƙarshe. Ranar Asabar na gaya wa malama, ta ce, "Mma, sai da kaya suka iso kika aika saƙo?" Na ce ai na ga alama mai kayan bai tsaya jiran saƙona ba.

Da tsamin ya kama, na ɗora tukunya ban ce wa kowa komai ba. Dogon direban nan ya zo, na zuba masa, na ɗauko cokalin siga. Ya kurɓa, ya tsaya. Sai ya rufe bakin kwanon da tafin hannu ya ce, "Mma, mayar da sigarki." Ya juya ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira, "Kai, ku zo, Mma ta dawo daga tafiya!"

Watan azumi ya tsaya, mai shayi ya zo ya durƙusa. Na zuba masa kwano ɗaya bayan an sha ruwa, ya shanye, ya ce ya gane. Na ce ya kafa teburinsa a gefena, masu shan koko ma suna son burodi. Har yau yana nan.

Tsohuwa dai ba ta dawo ba. Wani lokaci in na wuce ta bakin gota nakan leƙa. Bokitin Maame ne a lungun yanzu, ba mu sa masa suna ba, amma maigida ya ce shi ma ba ya mayar da magana.

Daminar da ta biyo baya, wata rana bayan azahar, sama ta sake yin irin baƙin nan. Muka fara ɗaga kaya muna ɗorawa a kan tebur. Maigida ya tsaya a tsakar ɗaki, ya dubi lungu, ya dubi hannayensa biyu, ya ce, "Mai koko, in ya shigo, me zan ɗauka?"

Na ce, "Ɗauki rediyonka."